Batirin na'urar ɗakin kaji: yaya zan ga saura nawa a waya?

Abban Khadija: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na haɗa ƙaramar na'ura da ESP32, wato ɗan guntun kwamfuta mai Wi-Fi da Bluetooth, tana auna zafin ɗakin 'yan tsaki, tana turo mini a waya ta Bluetooth. Batir 18650 ɗaya na sa mata, irin na lithium ɗin nan mai caji. Daren Juma'a ta mutu ban sani ba, garwashin da nake ɗumama musu ya huce, da asuba na tarar sun cure a lungu guda suna kuka. Allah ya kiyaye ban yi asara ba, amma abin ya tsaya mini a rai. Ina so wayata ta riƙa nuna mini saura kashi nawa a batirin. Ta ina zan faro?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara kiyayewa. Ɓangaren turawa ba shi da wuya, don Bluetooth mai ƙarancin cin wuta ya riga ya ware wa batir gurbinsa. Lambar hidimar ita ce 0x180F, a cikinta akwai 0x2A19, wadda ke ɗaukar lamba ɗaya tak, daga 0 zuwa 100. Ka ba ta izinin karantawa da na sanarwa, shi ke nan. Kada ka ƙirƙiri taka lambar, ka bi wadda kowa ya sani. Kafin ka rubuta wata manhaja, sauke nRF Connect a wayarka, kyauta ce, za ta gane hidimar ta nuna maka kason.

Baba Mai Rediyo: Gaskiya Injiniya ya faɗa. Sai dai yarona, lambar da za ka tura daga ina za ta fito? Nan ne aikin yake. Batirin nan idan ya cika yana kan bolt 4.2, ya sauko da ɗan sauri, sannan ya daɗe yana jan ƙafa tsakanin 3.9 da 3.6. Da ya gangara ƙasa da 3.4 kuwa, faɗuwa yake yi kamar an tunkuɗa shi. Wanda ya ja miƙaƙƙen layi daga 4.2 zuwa 3.0 ya raba gida ɗari, wayarsa za ta ce masa saura kashi 33 alhali batirin ya kusa ƙarewa. Ka ga daren Juma'a zai maimaitu ke nan, wannan karon ma kana da lamba a hannu tana kwantar maka da hankali.

Abin da nake yi shi ne, in cika batirin, in jona masa na'urar, in ajiye mita da littafi a gefe. Lokaci zuwa lokaci in auna in rubuta, har ya ƙare. Daga nan nake fitar da ɗan jadawali mai layi goma in zuba a cikin shirin. Yana cin kwanaki, amma jadawalin na batirinka ne kai kaɗai.

Abban Khadija: Na gode Baba. To ai ƙafar ESP32, inda zan jona batirin don aunawa, ba ta ɗaukar 4.2, ko?

Ummu Hanif: Ba ta ɗauka, Malam. Sai ka raba wutar biyu da rizisto (ɗan abin da ke rage gudun wuta) guda biyu masu daraja ɗaya, ka auna a tsakiyarsu, ka ninka sakamakon. Amma ka kula da girmansu. Idan ka sa 100k biyu, kullum suna zuƙar maikro-amfiya 21 ko na'urar tana barci, a shekara ya haura mAh 180 (mAh shi ne ma'aunin cajin da batir ke ɗauka). Ga 18650 ba wani abu ba ne sosai, amma mai amfani da ɗan batirin agogo CR2032, wanda duka-duka bai fi 220 da ɗoriya ba, irin wannan rabon zai cinye masa fiye da rabi. Ni 1M biyu nake sawa, wato ninki goma na 100k, in ƙara kwandensa (ɗan abin da ke riƙe caji) 100nF daga tsakiyar zuwa ƙasa (GND) don awon ya daina rawa. Kuma ka zaɓi ƙafa daga 32 zuwa 39, su ne na ADC1, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu da ke auna wuta a ESP32. Na ADC2 ba sa aunuwa idan Wi-Fi yana kunne. In da manhajar Arduino kake rubuta shirin, yi amfani da analogReadMilliVolts, ya fi ɗanyen awon kusa da gaskiya.

Autan Zaure: Anti, ni nawa lambar tsalle take yi. Yanzu 62, anjima 55, sai ta koma 60.

Ummu Hanif: Kana aunawa ne daidai lokacin da rediyon Bluetooth ɗin ke magana, ƙanena. A lokacin wuta na ɗan nutsewa. Auna da zarar na'urar ta farka, kafin ka kunna Bluetooth, kamar sau 16, ka ɗauki matsakaici. Sannan ka hana lambar hawa sama sai in ana caji.

Injiniya: Abban Khadija, akwai abin da ban tambaye ka ba. Wane irin allon ESP32 ne a hannunka? Idan irin na gwajin nan ne mai bakin USB, yawancinsu wani guntu mai suna AMS1117 ne ke daidaita musu wuta. Shi kaɗai yana shan wajen mili-amfiya 5 ba dare ba rana, ga fitilar allon, ga guntun USB. Kuma yana buƙatar ratar kusan bolt ɗaya tsakanin abin da ya shiga da abin da zai fita, don haka batir ɗaya ba ya isar sa yadda ya kamata. Ina kyautata zaton na'urarka ta ɗauke ne da sauran caji a batirin. Shi ESP32 ɗin kansa a barci mai nauyi wajen maikro-amfiya 10 yake ci, allon ne ɓarawon.

Abban Khadija: Wallahi shi ne. Yanzu na juya allon na ga 1117 a jiki.

Baba Mai Rediyo: To ka ji. Sannan batirin, sabo ne ko na tsohuwar kwamfutar cinya? Ba laifi ba ne amfani da cirarre, ni ma ina yi, amma kada ka yarda da abin da aka rubuta a jikinsa. Wanda ka ga an buga masa 9900mAh kuwa, ajiye shi, babu 18650 mai wannan cikin. Na kirki ba sa wuce 3500 da wani abin a zo a gani.

Injiniya: Wata shawarar kuma. ESP32 in ya shiga barci mai nauyi haɗin Bluetooth yana yankewa, to me zai sa ka dage sai an haɗu? Zuba zafin da kason batirin a cikin saƙon shelar da na'urar ke watsawa. Yana ɗaukar bayit 31, ya ishe ka har da saura. Ta farka, ta auna, ta yi shela na 'yan daƙiƙu, ta koma barci. Sharaɗin dai wayar ta kasance tana saurare a lokacin. Daga Android 12 zuwa sama sai manhajar ta nemi izinin na'urorin kusa, a tsofaffin kuma izinin wuri ake nema, da yawa a nan suke maƙalewa su zaci na'urarsu ce ta lalace.

Ummu Hanif: Ni dai inda rayukan dabbobi suke, na fi son MAX17048. Ɗan guntu ne da ke magana da ESP32 ta I2C, wato hanyar sadarwa mai waya biyu, shi ke lissafin kason da kansa, ba ruwanka da jadawali. In kuma za ka sake gini daga tushe, duba guntun nRF52832 na kamfanin Nordic a madadin ESP32. Yana iya auna wutar da ke ciyar da shi ba tare da rizisto ko ɗaya ba, kuma a Zephyr, tsarin manhajar da ake ɗora masa, kiran bt_bas_set_battery_level kawai za ka yi.

Baba Mai Rediyo: 'Yata, guntun nan sai an yi odarsa an jira. Tsakinsa kuwa yau suke buƙatar ɗumi. Ya fara da rizisto da mita, in guntun ya iso ya canza.

Ummu Hanif: Haka ne Baba. Amma ya sa na'urar ta fara gargaɗi tun daga bolt 3.5, kada ya jira lamba ta kai ƙasa.

Abban Khadija: Allah ya saka muku da alheri. Yau zan nemi mai daidaita wuta mara ci in cire 1117 ɗin, in sa 1M biyu da kwandensa a ƙafa ta 34. Na sa batirin a caji, littafi da mita suna kan benci. Baba, duk bayan awa nawa kake aunawa?

Baba Mai Rediyo: Safe da yamma ya isa da farko. Da ka ga ya taɓa 3.6, koma duk awa biyu, kuma ka cire shi kafin ya kai 3.0.