Dawo da lasisin tuƙi bayan dakatarwa a Ingila

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maki 12 na laifukan tuƙi suka taru a lasisina cikin shekara 3, kotu ta hana ni tuƙi na wata 6, ga shi wa'adin ya kusa cika. Shin zan koma kan sitiyari kai tsaye?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. A'a, ɗan uwa. Duk wanda aka dakatar na kwana 56 ko fiye, wajibi ne ya nemi sabon lasisi daga hukumar DVLA, mai ba da lasisin tuƙi, kafin ya sake hawa titi da mota.

Amsa ta 2: Malam, ka duba takardar hukuncin da kyau, domin idan alƙali ya umarci a sake maka jarrabawa, lasisin masu koyo za ka fara karɓa.

Amsa ta 3: Ka kuma faɗa wa kamfanin inshora gaskiya, kuɗin zai ƙaru, amma ɓoyewa tana iya jawo soke inshorar.