Manufar kamfani daban, abin da ma'aikatana ke bi daban

Assalamu alaikum. Ni ke riƙe da sashen sayarwa a wani kamfanin iri da taki a Sabon Gari, Zariya. Bana shugabanni sun ce manufarmu ita ce riƙe manoman da muke da su a Giwa, Soba da Maƙarfi, su riƙa dawo mana duk damina.

To amma har yau kamashon ma'aikata a kan yawan buhun da mutum ya sayar yake. Na tara su na yi bayani, na rubuta wa kowa abin da ake jira daga gare shi, har da leƙa gonar manomi bayan shuka. Kowa ya sa hannu. Ruwa na sauka duk suka koma wajen dillalai masu ɗaukar mota guda, ƙaramin manomi ko wayarsa ba a ɗagawa. Rahoton ziyarar ma a ofis ake cike shi. Ban ga laifinsu sosai ba, albashin ba ya kai su ƙarshen wata. Na nemi a sauya tsarin kamashon, aka ce sai baɗi.

Wane ma'auni zan ɗora wa kowane ma'aikaci, wanda zan iya tantancewa da kaina, da zai sa ya kula da tsohon manomi ba tare da an taɓa kamashonsa ba? Na gode.