Shafin rajistar taki yana tsayawa: me za a sa a gaban saba biyu?

Ɗan Ringim: Assalamu alaikum jama'a. Ƙungiyar manoman ƙauyenmu ta damƙa min shafin da ake rajistar taki da iri. Sauran ranaku lafiya lau yake, amma da an yi shela bayan sallar Juma'a cewa an buɗe rajista, sai kowa ya afka da wayarsa lokaci guda, shafin ya tsaya cik. Na kama hayar saba ta biyu, wato wata kwamfutar da za ta riƙe shafin tare da ta farko. Me zan sa a gabansu ya riƙa raba musu masu shigowa?

Malam na Gumel: Wa'alaikumus salam ƙanena. Nginx zan ce ka ɗauka, manhaja ce da ke iya raba wa sabobi masu shigowa. Tun 2004 yake fagen nan, kyauta ne, kuma ƙaramar saba ma ta ishe shi. Sunan shafinka zai nuna adireshinsa shi kaɗai, shi kuma ya riƙa miƙa buƙatu ga sabobin nan biyu, kamar ɗan kamasho a tasha da ke raba fasinja tsakanin motoci. In ba ka faɗa masa komai ba, bi-da-bi zai riƙa yi. Tunda wani manomin hoto zai ɗora, wani kuwa suna kawai zai duba, gara ka sa umarnin least_conn a saitinsa, ya tura wa wadda aikin hannunta ya fi sauƙi. In ɗaya ta fi ƙarfi, ka ba ta weight=2, wato ta riƙa karɓar ninkin rabon ɗayar.

Yaya ta Birnin Kudu: Malam, da izininka, ni HAProxy zan ba shi shawara, ita ma manhajar raba masu shigowa ce. Nginx na kyauta ba ya gane saba ta mutu sai buƙatar wani bawan Allah ta faɗa mata ta gaza, sannan ya janye ta na daƙiƙa 10. HAProxy kuwa shi da kansa yake ƙwanƙwasa kowace saba a kai a kai, wadda ba ta amsa ba ya cire ta daga layi. Yana da shafin da zai nuna maka wadda ke raye da yawan waɗanda ke kanta, kana iya dubawa ta waya ko kana gona.

Ɗan Ringim: Na gode Yaya. Wani abu kuma: a gwajin da na yi da Nginx, mutum zai shiga da lambarsa, yana danna shafi na gaba sai a ce ya sake shiga.

Mai shago a Maigatari: Saba ta farko ce ta san ya shigo, ta biyun ba ta da labari. Sa ip_hash a Nginx, ya riƙa raba mutane bisa adireshinsu na intanet, kowa ya tsaya inda ya fara.

Yaya ta Birnin Kudu: A'a ɗan uwa, a wajenmu wannan ba zai yi ba, kuma nan ne nake so a tsaya a fahimta. Manomanmu duk da datar waya suke shiga. Kamfanonin layi suna fitar da ɗimbin mutane ta adireshi ƙalilan, ip_hash kuma sassa uku na farko cikin sassa huɗu na adireshin kawai yake dubawa. Sai ka ga rabin gari ya taru a kan saba ɗaya, ɗayar tana zaune ba aiki. Ga shi kuma in sabis ya ɗauke ya dawo, ko mutum ya koma ɗaya layin, adireshinsa na iya canzawa, a jefa shi wata sabar yana tsakiyar cike fom. Dattijon da ya hau tudu neman sabis bai kamata a maimaita masa wannan wahala ba. Ka fitar da bayanan shiga daga sabobin gaba ɗaya, ka zuba su a Redis, wata ma'ajiyar bayanai mai sauri, ko a rumbun bayanan da dukansu ke karantawa. Hotuna ma wuri guda za su zauna.

Malam na Gumel: Gaskiyarki. Kuma ƙanena, kafin komai ka duba ko rumbun bayanan ne ke shaƙewa ran Juma'ar. In shi ne, ko saba goma ka jera, layi ɗaya za su bi. Sannan ka ɗaga client_max_body_size, wato iyakar girman abin da za a iya ɗorawa, don Nginx a megabait 1 yake tsayawa, hoton waya kuwa ya kan wuce haka, sai ka ga kuskure mai lamba 413. Ka kuma tura X-Forwarded-For, mai ɗauke da ainihin adireshin mai shigowa, in ba haka ba duk mai shigowa da adireshin Nginx ɗin zai bayyana.

Mai shago a Maigatari: Na karɓa. Ni Caddy nake amfani da shi a madadin Nginx, shi yake karɓo takardar tsaron shafi daga Let's Encrypt, masu ba da ita, ya sabunta ta kafin kwana 90 ɗinta su cika. Amma don Allah kar ka ajiye sabar gaban a shago. Wuta ta ɗauke ko batirin sola ya sauka, duka biyun sun zama ba amfani.

Ɗan Ringim: Allah ya saka da alheri. Zan fara da Redis a daren nan. Yaya, in na ɗora HAProxy, daƙiƙa nawa zan sa tsakanin dubawa da dubawa?

Yaya ta Birnin Kudu: Bar shi a daƙiƙa 2 da ya zo da su. In saba ta kasa amsawa sau 3 a jere zai cire ta. Ranar Alhamis ka kashe ɗaya da gangan, ka sa wani ya cike fom da wayarsa a lokacin, ka ga ko zai kai ƙarshe.