Akwai mai kallon kurket a nan kuwa?

dan_fagge: Salam jama'a, wai ni kaɗai ne nake bin kurket? Duk gidan kallon da na je ƙwallo ce kawai, ka ce a sa kurket sai a riƙa yi maka kallon mahaukaci. Shi da finafinan Marvel su ne abincina.

bakatsine: Muna nan malam. Fainal ɗin kofin duniya na 2019, Ingila da New Zealand a filin Lord's da ke Landan, canjaras har a super over (ƙarin jifa shida-shida na raba gardama), aka ba Ingila kofi don ta fi yawan boundary (bugun da ƙwallo ke kai wa iyakar fili ko ta tsallake ta), wallahi har yau abin na min ciwo.

yar_zinder: Ni dai test na kwana 5 ya fi ƙarfina, T20 (gajeren wasan da ake gamawa cikin 'yan awanni) nake iyawa. Marvel kuwa tunda suka kashe Iron Man na ja baya.

dan_fagge: Haba yaya, akwai fa waɗanda ba su kalla ba 😂