Neman shawara: Ina jinyar Inna, ni ma na fara mantuwa

Maman Khalifa, Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifiyata ce ke fama da ciwon mantuwa, mun ɗauko ta daga Funtuwa, tana hannuna saboda ni kaɗai ce mace a 'ya'yanta. Likita ya duba ta, ya ce ciwon ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa. Da hantsi lafiya lau muke. Amma da an yi la'asar sai ta ƙulle kayanta a ɗankwali, ta tsaya a bakin ƙofa wai a buɗe mata za ta gida, yara na jiran ta. Wani lokacin ta ce jikokinta sun sace mata kuɗi, alhali suna nan ƙulle a haɓar zaninta.

Ni kaina yanzu abin ya fara taɓa ni. Barci ya ƙaurace min, in ɗora tukunya in manta, in ba mai sayen atamfa canji sau biyu. Tsoro nake ko gado ne. Sai ga talla a Facebook ta wani shiri, wai na lafiyar ƙwaƙwalwar masu jinya, da wasanni a waya, ana biya da dala duk wata. Don Allah akwai wanda ya san irin waɗannan? Sun cancanci kuɗin?

Sista Rabi, Ikeja:
Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Inna sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Riƙe kuɗinki tukuna. Wasannin nan suna sa mutum ya ƙware a wasan da yake bugawa, amma babu tabbacin suna hana ciwon mantuwa. A 2016 sai da kamfanin Lumosity ya biya dala miliyan 2 a Amurka saboda ya zuzuta amfanin wasanninsa a talla.

Wanda nake nuna wa iyalan marasa lafiya kyauta ne, sunansa iSupport, na Hukumar Lafiya ta Duniya, littafinsa ya fito a 2019. Kashi biyar ne: menene ciwon, zama mai jinya, kula da kai, hidimar yau da kullum kamar wanka da abinci, sai kuma yadda za a yi da sauyin hali. Sauke shi a waya sau ɗaya, kin huta da data. Ki fara da kashi na uku, shi ne naki.

Mantuwarki kuwa, macen da ba ta samun barci dole ta manta tukunya. Irin ciwon da ake gada kai tsaye ba shi da yawa, kuma yakan fara tun mutum bai tsufa ba. Rahoton kwamitin mujallar likitoci ta Lancet na 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na ciwon a duniya. A ciki akwai hawan jini, ciwon suga, raunin ji, raunin gani, shan taba, rashin motsa jiki, ciwon damuwa da kaɗaici. Yaushe rabonki da awon jini? Je ki a auna ki, ki kuma faɗa wa likita maganar barcin.

Abba, Idi-Araba:
Anti, ni na yi kwas na intanet na Jami'ar Tasmaniya da ke Ostireliya saboda kakana. Suna da Understanding Dementia (fahimtar ciwon mantuwa) da Preventing Dementia (rigakafinsa), duka kyauta, sai dai a sanda na yi lokaci-lokaci ake buɗewa, kuma bidiyon na cin data. Turancinsu ma sai an kasa kunne.

Abu ɗaya ya canza mana gida: mun daina musu da shi. Da, in ya tambayi kakarmu sai a ce masa ai ta rasu, sai ya fashe da kuka kamar yanzu aka yi rasuwar, bayan awa guda ya sake tambaya. Yanzu sai in ce, “Baba, wace miya ta fi iyawa?” Shi ke nan ya shiga labarin miyar kuka da daddawa, har ya manta da tambayar. Ki gwada da Inna. In ta ɗauki ƙullinta kada ki ce nan ne gida. Ki ce ta zauna a sha shayi tukuna, ki tambaye ta yaran da ke jiran nata, ki miƙa mata wake ta tsince. Kuma a kunna fitila tun kafin duhu ya shigo, ruɗewar yamma sananniya ce a wannan ciwon.

Hajiya Binta, Obalende:
Abba, ni fa wannan ya tsaya min a rai. Yaudarar iyaye ba ta zama ƙarya ba?

Malam Sani, Agege:
Hajiya, a abin da yaron nan ya faɗa babu ƙarya, tambaya ya mayar da tambaya. Kyautata wa iyaye ya haɗa da kada a riƙa sabunta musu baƙin ciki. Kuma wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, don haka in Inna ta maimaita salla ko ta rikita raka'a, a bar ta, kada a tsawata.

Alhaji Ɗanjuma, Mile 12:
Ni ban san wasan waya ba, tumatur na sani. Tambayata ɗaya, 'yata: ina 'yan'uwanki maza? Kin ce ke kaɗai ce mace, ba ki ce ke kaɗai ta haifa ba. Duk darasin da za ki karanta, ƙarshensa cewa zai yi ki huta, to waya ce za ta zauna da Inna ki yi barcin? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Su turo kuɗi a ɗauki mai taya ki, ko matansu su riƙa karɓar ki.

Sannan nan Legas ce, ba Funtuwa ba inda kowa ya san ta. In ta fice ta kai Pen Cinema ko layin dogo, ba Yarbanci ba Turanci, wa zai gane inda ta fito? An sha taruwa a kan tsohuwa a garin nan ana ce mata mayya, alhali ruɗewa ce. Ki ɗinke lambar wayarki a jikin hijabinta da zannuwanta. Ki sanar da mai shayin layinku da mai gadi da limamin masallaci. Ki ajiye sabon hotonta a waya. Ɓoye ciwon nan saboda kunya shi ke jawo ɓata.

Sista Rabi, Ikeja:
Alhaji ya yi gaskiya, iSupport ɗin ma akwai darasi a kan neman taimakon dangi. Ƙari ɗaya: in kika ga Inna ta rikice farat ɗaya fiye da yadda kika saba, ko barci ya yi mata yawa, kada ki ce ciwon ne ya ƙaru. Sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki, kuma ana maganinsu. A kai ta asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja ko na LUTH da ke Idi-Araba. Asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba ma suna ganin tsofaffi, mutanenmu ne dai ke gudun sunan.

Maman Khalifa, Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sauke littafin, Turancin ya min nauyi, amma 'yata da ke sakandare tana karanta min bayan isha'i. Na kira Yaya, ya ce in faɗi abin da nake buƙata, ni kuma bakina ya yi nauyi. Me zan ce masa?

Sista Rabi, Ikeja:
Kada ki ce “a taimaka”, zai ce to, maganar ta mutu. Ki yanka masa abu takamaimai: kuɗin mai taya ki daga la'asar zuwa isha'i, tunda lokacin ne Inna ta fi tashi, da kuma ranar Asabar guda da matarsa za ta kwana da ita. Ki rubuta ki tura wa dukkansu lokaci ɗaya, kowa ya ga abin da ɗan'uwansa ya ɗauka.