Wai Sholay ma namu ne?

Kawu Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Tun jiya abin nan ke cina. Ɗan ƙanwata ya zo hutu, na ce bari in nuna masa abin da ake kira fim, na sa masa Sholay. Ko faɗan jirgin ƙasan nan na farko ba a gama ba, yaro ya zaro waya yana latse-latse, wai "Kawu, babu mai fassara?" Sholay fa! Fim ɗin Indiyan da muka yi layi a silimar Plaza saboda shi, ana ture-ture har takalmin mutum ya tsinke. To ga shi na rubuto, mai kunne ya ji: Mother India na 1957, Mughal-e-Azam na 1960, Enter the Dragon na 1973, Sholay na 1975, sai fim ɗin Umar Mukhtar. Waɗannan su ne fina-finanmu na da. Wanda bai kalle su ba ya daina sa baki in ana zancen fim. Na san ba mai tankawa, don a zauren nan in ba hoton biki ko rigimar siyasa ba, ko ƙala ba kwa cewa.

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam Kawu. Ga shi an tanka. "Fina-finanmu" ka ce? Mu su wa? Na duba jerin nan sama da ƙasa, uku na Indiya, ɗaya na karate, ɗaya labarin Libiya. Ina namu a ciki?

Kawu Ɗan Fagge:
Malam, kai ma ka san abin da nake nufi. Waɗanda muka tashi da su.

Malamin Hausa:
Mun tashi da motar Peugeot ma, amma ba mu ce a Fagge aka ƙirƙiro ta ba. In namu ake nema, akwai Shehu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni, daga littafin marigayi Abubakar Tafawa Balewa. Yaro aka sace, aka keta hamada da shi, uwa ta bazama nemansa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Da Hausa aka yi shi. Ya ɓace mana shekara da shekaru, sai da aka gyara shi aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Jamusawa sun zauna sun kalla, mu kuma muna nan muna cewa Gabbar Singh, mugun nan na Sholay, ɗan gida ne.

Mai Kaset:
Malam tsakaninka da Allah, kai ka kalli Shehu Umar ɗin daga farko har ƙarshe?

Malamin Hausa:
Na karanta littafin, na koyar da shi.

Mai Kaset:
Ba littafi na tambaya ba.

Malamin Hausa:
Ba wannan ake magana ba yanzu.

Mai Kaset:
To ni dai na yi hayar kaset, na san abin da mutane ke ɗauka da kuɗinsu. Kaset ɗin Mother India sai da ya sha wuya har hoto ya dinga rawa, ana goge kan bidiyo da farar takarda ana sake sawa. Tsofaffi mata da ba sa jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci za su ba ka labarin tiryan-tiryan: mai ba da bashi da ruwa ya cinye gona, ambaliya ta cinye gida, uwa ta ja garma da wuyanta, ƙarshe ta harbe ɗan cikinta don kare mutuncin 'yar mutane. Wurin nan in an zo shi, ɗakin sai ka ji shiru sai jan majina. Abin da ya sa mahaifiyarka kuka in ba naka ba ne, na wane ne? Jaruman ma mu muka raɗa musu suna. Wa ya sa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi? Mutanen Bombay?

Autan Zaure:
Ni duk ban gane ba. In tsofaffin fina-finai ake so ai ga Sangaya, ga Wasila, ga Kuch Kuch Hota Hai.

Kawu Ɗan Fagge:
Inna lillahi. Auta, Sangaya ne tsohon fim? Fim ɗin 1999? Ina da rigar da ta girme shi.

Autan Zaure:
To Kawu ni ba a ma haife ni ba lokacin. Tsoho ne mana.

Hajiya Babba:
Ku bar yaro ya yi magana. Kuma ni ma ina da ja a kan "mu" ɗin nan naku. Ku maza ne kuka je Plaza da Orion da Marhaba. Wace 'yar mutunci ce ta isa ta taka ƙofar silima a lokacin? Ku kanku in aka gan ku a can 'yan iska ake ce muku, kar ku zo yau kuna mana baƙin gemu. Mu a talabijin muka gani, gidan mutum ɗaya a layi, a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, in NEPA ta ɗauke wuta a tsakiyar waƙa shi ke nan, sai ki ji ƙarshen labari a bakin wata a gidan suna. Fim bai zama namu ba sai da kaset ya shigo ɗaka. Don haka Sangaya ya fi zama namu a kan wannan Enta-da-wa naku.

Kawu Ɗan Fagge:
Hajiya, Allah ya ja kwana, wa kike kira ɗan iska?

Hajiya Babba:
Ban kama suna ba. Mai kaza a aljihu shi ba ya jimirin as.

Kawu Ɗan Fagge:
Ni da izinin yayana nake zuwa.

Hajiya Babba:
Yayan naka da izinin wa yake zuwa?

Ɗan Tudun Wada:
Hhhhh Hajiya ta gama da Kawu. Amma ku Kanawa kuna ba ni mamaki. Da an ce "namu" sai ku fara lissafo unguwanninku. Kafin a san wani Turmin Danya a 1990, mu a Kaduna muna kallon Samanja Mazan Fama da Ƙasimu Yero. Jos kuma suna da Karkuzu. Waɗannan su ne tushe, ba rawa ba waƙa, ba bin bishiya da gudu.

Mai Kaset:
Wannan wasan kwaikwayon talabijin ne, ba fim ba ne.

Ɗan Tudun Wada:
Mene ne bambancin? Turmin Danyan ma ai 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ne suka yi shi, Tumbin Giwa, kuma a kaset. In an yi a Kano fim ne, in an yi a Kaduna dirama ce, ko?

Mai Kaset:
Shi ya sa ake cewa Kannywood, ba a ce Kadunawood ba.

Ɗan Tudun Wada:
Suna ne kawai, shi ma kwaikwayo kuka yi.

'Yar Damagaram:
Ina ta karantawa ina dariya. Kano, Kaduna, Jos. Kullum a zauren nan "mu" tana tsayawa ne a iyaka, ba ta ƙetare Maigatari. Tun 1966 Moustapha Alassane ya yi fim ɗin kaboyi a Nijar da 'yan wasa na gida. Oumarou Ganda shi ne mutum na farko da ya ɗauki babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka da ake yi a Wagadugu, a 1972, da fim a kan auren mace fiye da ɗaya. Har yau akwai cibiyar al'adu da sunansa a Yamai. Lokacin ku kuna ina? Kuna layin tikitin Indiya.

Malamin Hausa:
Ƙanwata, gaskiya kika faɗa, amma Ganda ai Bazabarme ne. In Hausa muke magana...

'Yar Damagaram:
Au! Ɗazu ka ƙi Ba'indiye, yanzu ka ƙi Bazabarme. Malam, nan gaba kaɗan "namu" ɗin nan taka za ta rage daga kai sai allonka. To Sarauniya fa? Sarauniyar Lugu da ta tsaya wa sojojin Faransa a 1899, ita ma ba tamu ba ce? Fim ɗinta na 1986 shi ma ya ci kyautar Wagadugu.

Malamin Hausa:
Labarin namu ne, marubucin littafin, Abdoulaye Mamani, ɗan Nijar ne. Amma Med Hondo ɗan Muritaniya ne, a Burkina Faso aka ɗauka, kuma ba da Hausa suke magana ba.

'Yar Damagaram:
Wannan kuma ka kalla, ko shi ma littafin ka karanta?

Mai Kaset:
Hhhhhh Allah ya biya ki.

Malamin Hausa:
Ba na son raini. Shekaruna nawa ina koyarwa.

Mai Turaren Wuta:
Salam 'yan uwa, akwai humra da turaren tsugunno sabon kawowa, mai so ya yi min magana ta gefe.

Hajiya Babba:
Ke kuma ana ga yaƙi kina ga ƙura. Nawa kwalbar?

Ustazun Zaure:
Ni dai a jerin Kawu abu ɗaya na gani mai amfani, shi ne na Umar Mukhtar. Dattijo malamin allo ya yi shekara ashirin yana gwabzawa da Italiya har suka rataye shi a 1931. A haɗa da Ar-Risala na 1976, duk Mustafa Akkad ne ya yi su. Waɗannan su ne namu, don akida ta fi yare. Sauran kuwa kiɗa ne da tsalle-tsalle.

Ɗan Tudun Wada:
Ustaz, wanda ya fito a Umar Mukhtar ɗin fa, Anthony Quinn, haifaffen Meziko ne, kuma ba Musulmi ba ne. Shi ne dai ya fito a Sayyidina Hamza.

Ustazun Zaure:
Ni na Larabcin na kalla.

Ɗan Tudun Wada:
Ar-Risala ne ke da na Larabci da 'yan wasa daban. Umar Mukhtar fa?

Ustazun Zaure:
Lokacin sallah ya yi.

Autan Zaure:
Kawu wai shi Bruce Lee ɗin ɗan Chana ne ko ɗan Japan?

Kawu Ɗan Fagge:
Kun gani ko? Kun ga abin da nake faɗa? A San Francisco aka haife shi, a Hong Kong ya tashi, ya mutu a 1973 kafin fim ɗinsa Enter the Dragon ya fito. Ku nemi wurin faɗan ɗakin madubai kawai ku gani. Da tsohuwar zuma ake magani. Amma tun ɗazu ba wanda ya ce min zai kalli ko ɗaya, kun tsaya kan harafi biyu.

Malamin Hausa:
Harafi biyun nan su ne maganar gaba ɗaya.

Kawu Ɗan Fagge:
To na janye "mu". Fina-finaNA na da. Kowa ya je ya nemi nasa.

Mai Kaset:
Kar ka janye Kawu, ina bayanka. Sai dai a Sholay ɗin ma Dharmendra ne fim ɗin, Amitabh rakiya ya yi.

Kawu Ɗan Fagge:
Kai! Wa ya mutu a kan gada? Wa ke da kwabon nan mai fuska iri ɗaya gaba da baya? Ashe kai ma ba ka san fim ba. Na fasa, ba na son goyon bayanka.

Shugaban Zaure:
Jama'a ya isa haka, saƙo ya yi yawa, wayoyin mutane na cika. Ga taƙaitawa ga waɗanda ba su bi ba. Kawu ya kawo shawara mai kyau, kuma kusan kowa ya amince cewa fina-finan Indiya na da su ne kan gaba, musamman Sholay. Malam ya kawo wani fim na Hausa wanda shi ma bai tabbatar mana ya gani ba. 'Yar'uwarmu ta Nijar ta ambaci wasu sunaye na Faransanci, mun gode. Mutumin Kaduna ya yi ƙorafinsu da suka saba. An kuma tabbatar cewa harkar fim a Kano ta fara, kuma Amitabh ya fi Dharmendra, wannan ba ya buƙatar muhawara. Hajiya, a riƙa sassauta harshe, wasunmu ma sun je Orion kuma ga mu mun zama mutane. Mai turare, ranar Juma'a ce ranar talla. Na rufe zaure sai bakwai na safe.