Wa zai hukunta mutumin da iskar gari ke hannunsa? Labarina na duniyar Mas ya cije

Maman Safiyya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta da makaranta. Wata bakwai ke nan ina kan wani ƙagaggen labari, na kai babi na 11, kuma a nan alƙalamina ya tsaya cak. Labarin wani gari ne da na raɗa wa suna Sabon Zango, a duniyar Mas, mutum 412 a cikin wani kogon dutse da aka toshe bakinsa aka cika shi da iska. Shekara talatin da kafa shi.

A garin akwai Ɗanladi, babban makanikin injin da ke samar da iskar shaƙa. A waje ba abin shaƙa, kusan kashi 95 cikin ɗari iskar kabon ce. 'Yarsa ta kwanta ciwon huhu, sai ya riƙa karkatar da oksijin zuwa ɗakinsu har dare goma sha tara. Wani tsoho a unguwar ƙasa, wanda dama numfashinsa da ƙyar yake, ya rasu. Asiri ya tonu.

To me za a yi masa? In an kulle shi, zai ci, zai sha, zai shaƙi iskar da ake awonta, ba ya aiki, alhali shi da yaransa biyu kaɗai suka san cikin injin. In an kore shi daga gari, kisa ne da wani suna. In an ce a maido shi Duniya a yi masa shari'a, damar tafiya sai bayan wata 26 take zagayowa, hanyar kuma wata shida zuwa tara. Ko saƙo ma yakan ɗauki minti 3 zuwa 22 kafin ya iso.

Abin yana ci mini rai ne saboda na yi jinyar mahaifina, Allah ya jiƙansa, da silindar oksijin. Na kwana zaune a kan tabarma ina kallon allurar agogon silinda tana sauka, ina jin takun mai riƙe da makullin ɗakin ajiya tun daga ƙarshen baranda. Na san abin da zan iya aikatawa a daren nan da makullin a hannuna yake. Shi ya sa na kasa tsanar Ɗanladi, na kuma kasa wanke shi. Wa ya kamata ya yanke masa hukunci, kuma da wace doka?

Abban Mu'azzam:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan Baba. Ni lauya ne, bari in taɓa ɓangaren takarda. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta hana kowace ƙasa cewa Wata ko wata duniya mallakarta ce. Amma sashe na 8 ya bar wa ƙasar da ta yi rajistar kumbo iko a kan kumbon da mutanen cikinsa, sashe na 6 kuma ya ɗora wa ƙasa alhakin abin da kamfanoninta suka yi a can. A tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, yarjejeniyar 1998 ta ce asali kowace ƙasa ita ke hukunta ɗan ƙasarta. Najeriya ma ta sa hannu a yarjejeniyar Atemis, ta ƙa'idojin binciken sararin samaniya, a Disambar 2022.

Kenan a takarda, wata kotu a Duniya za ta ce shari'ar Ɗanladi tata ce. Sai dai alƙalin da ba shi da ɗan sanda a wurin, umarninsa roƙo ne. Ga kuma yaran da aka haifa a kogon cikin shekara talatin, waɗanda ba su taɓa taka ƙasar da ke iƙirarin su nata ba ne. Shawarata ki koma babi na farko ki sa waɗanda suka kafa garin su rubuta gajeruwar takardar alkawari, irin wadda maza 41 suka sa wa hannu a jirgin ruwan Meflawa a 1620 kafin su sauka a Amurka. Sannan ki bar gibi a cikinta, ya zama ba wanda ya hango mai tsaron iska zai ci amana.

Baba na Kumasi:

'Yata, sunan garinki ne ya jawo ni. A zango aka haife ni, kakana kuwa bafatake ne, da jakuna ya riƙa zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, sayen goro. Abin da kike nema a sama, kakanninki sun yi shi a ƙasa.

Ayari gari ne mai tafiya, wata da watanni ba sarki kusa, ba alƙali. Madugu ke shugabanci, shi ke magana da sarakunan hanya a kan kuɗin fito, shi ke raba gardama. Jagaba yana gaba da sanin hanya, uban dawaki ma yana da nasa aikin. Ki lura, ba a tara komai a hannun mutum ɗaya. Kuma ikon madugu daga yardar fatake yake, in ya cuce su bana, baɗi ba mai bin sa.

Kakana ya ba mu labarin wani yaro a ayarinsu da aka kama yana kwance bakin salkar wani da dare, a wurin da rijiya ke da nisan kwana biyu. Ya ce ba a doke shi ba, ba a kuma yar da shi a daji ba, don yar da mutum a nan kisan kai ne. Madugu ya sa shi ɗaukar salkar wanda ya cuta har Salaga, kasuwar goro ta Gwanja, kuma ba mai sa hannu a ƙwarya ɗaya da shi. In an sauka za a ci tuwo, sai a zuba masa nasa a gefe, ya juya baya. Kakana ya ce har ya tsufa bai manta yadda yaron ke haɗiyar loma da hawaye ba. Da suka isa, liman ya tara mutane, yaron ya nemi gafara, aka ci abinci tare.

Amma ni laifin da na fi gani na dattawan garinki ne. Shekara talatin, a ce mutum uku ne kawai suka san injin da ran kowa ke rataye da shi? Mai riƙe da iska kada ya zama shi kaɗai, kada kuma ya zauna a majalisar da ke hukunci. Ki sa a tuhumi majalisar ma.

Malam Mai Almajirai:

Malama, abin da zan faɗa don gina labari ne, ba fatawa ba. In mutanen garin Musulmi ne, ba su rasa madogara. Hadisi ya zo cewa mutane sun yi tarayya a abu uku: ruwa, ciyawar kiwo da wuta. A wurin da iska ta zama abin awo, masu ilimin garin za su yi ƙiyasi su sa ta a wannan layi, ta zama haƙƙin kowa, ba ta mai injin ba.

Game da ran tsohon, alƙalinki zai fara tambaya: Ɗanladi ya san abin da yake yi zai iya kashe wani? In bai sani ba, kisan kuskure ne, aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ambaci diyya ga iyalan mamaci da kaffara, wadda ta haɗa da azumin wata biyu a jere. Diyyar kuskure kuwa dangi ke haɗa ta. To su wa ne danginsa a can? Sayyidina Umar ya mayar da wannan nauyi kan mutanen da ke rajista ɗaya a diwani, wato littafin sunayen mayaƙa. Kenan a garinki ƙungiyar makanikai ce za ta biya, kuma tun da kuɗi ba su da wani amfani a kogo, su biya da awannin aiki da kason ruwansu. In kuwa ya sani ya ci gaba, magana ta canza, waliyyan mamaci ke da zaɓin ƙisasi ko afuwa.

Wata biyun azumin ma sai an yi shawara. Mas tana da ƙananan watanni biyu a samanta, ɗaya yana zagaye ta cikin ƙasa da awa 8, ba a ƙirga kwanan wata da shi. Da ɗan sama jannatin Malesiya zai tafi a 2007, malaman ƙasarsu sun rubuta masa jagora kan alƙibla da lokutan salla. Naki mutanen sai su bi lissafin Makka.

Injiniya Hauwa:

Baba, a gafarce ni, ban ga kunya kaɗai za ta riƙe gari irin wannan ba. A Arizona ta Amurka an rufe mutum 8 a wani katafaren gidan gilashi daga 1991 zuwa 1993 don gwada irin wannan zama. Oksijin ya sauka daga kusan kashi 21 zuwa wajen 14, dole aka ƙaro musu daga waje, su kuma suka rabu gida biyu, huɗu-huɗu. Mutum takwas ke nan, masu ilimi, kuma ƙofa na kusa. Anti, abin da ya fi damuna shi ne dare goma sha tara ba wanda ya lura. Ki sa dokar farko bayan shari'ar ta zama a kafa allon awon iska a tsakiyar kasuwa, kowace unguwa da lambarta, yadda ko yaro zai iya karantawa.

Maman Safiyya:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Jiya ban yi barci ba sai da na rubuta shafi tara. Majalisa ta ƙi jiran kotun Duniya. An zaunar da Ɗanladi a kasuwa gaban kowa, an karɓe makullin, an ɗora masa koyar da mutum ashirin sirrin injin, makanikai kuma za su biya diyya da kason ruwansu na shekara guda ta Mas, kwana 687.

Inda na sake tsayawa shi ne tambayar Malam. A daftarina, a dare na goma sha biyu Ɗanladi ya ga lambar unguwar ƙasa ta sauka, ya tsaya yana kallonta, sannan ya ji tarin 'yarsa ta bango, ya bar bawul ɗin yadda yake. Kenan ya sani. Tsohon kuwa 'ya ɗaya ya bari, kuma ita ce unguwarzomar da ta karɓi haihuwar 'yar Ɗanladi. Allah gafarta Malam, idan waliyyin mamaci mace ce ita kaɗai, ba ɗa ba ɗan'uwa, maganar afuwa a bakinta take, ko sai shugaban gari ya sa baki?